Amsa ga ƙanena sabon shugaban sashe: dokar da ta ba ka Juma'a ita ce ta kare shi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina taya ka murna da ƙarin girma, Allah Ya taya ka riƙo.

Ka ce wata uku ke nan da aka ba ka shugabancin sashe a wata ma'aikatar gwamnatin jiha a nan Amurka. Wani ma'aikaci da ke ƙarƙashinka, wanda kowa ya san mai neman jinsi ne, ya shigo ofishinka ya rufe ƙofa, ya ce abokan aiki biyu sun sa shi a gaba da habaici da kwaikwayon tafiyarsa, har sun liƙa masa takardar zagi a jikin kwamfuta. Kana tambaya ko akwai dokar da ta kare shi, kuma ko ya dace kai Musulmi ka sa baki. Na ga wasu sun ce ka kawar da kai, ba ruwanka. Don Allah kada ka bi wannan shawarar. Akwai doka, tana da haƙora, kuma daga ranar da ya faɗa maka, maganar ta hau wuyanka.

Shekarata goma sha tara a aikin gwamnatin jiha, bakwai daga ciki ina wakilin ƙungiyar ƙwadago a sashenmu. Ni ba lauya ba ne, amma na zauna a irin wannan zaman fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Tushen abin shi ne Babi na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964. Ta hana mai ba da aiki nuna bambanci saboda abu biyar: launin fata, ƙabila, addini, jinsi da ƙasar asali. Da farko ba ta shafi gwamnatocin jihohi ba, sai a 1972 majalisa ta shigar da su tare da ƙananan hukumomi. Jihohi suka yi ƙoƙarin fakewa da rigar kariyar da kundin tsarin mulki ya ba su, amma a 1976 Kotun Ƙoli ta ce ma'aikaci zai iya kai jiharsa ƙara a ƙarƙashin wannan doka har ya karɓi kuɗi. Abin da ya rage ana ja-in-ja a kansa shekara da shekaru shi ne ko kalmar jinsi ta haɗa da masu neman jinsi. An warware wannan ran 15 ga Yuni 2020 a shari'ar Bostock. Gerald Bostock ma'aikacin gwamnati ne shi ma, yana kula da shirin tallafa wa yara a gundumar Clayton ta jihar Jojiya, aka kore shi a 2013 bayan ya shiga wata ƙungiyar wasan ƙwallo ta masu neman jinsi. Alƙalai 6 suka goyi bayansa, 3 suka saɓa. Wanda ya rubuta hukuncin, Neil Gorsuch, alƙali ne mai ra'ayin riƙau da Trump ya naɗa. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ga ma'aikata biyu, mace da namiji, kowannensu namiji yake so. Idan ka kori namijin ka bar macen, to jinsinsa ne ya sa ka kore shi, kuma abin da doka ta hana ke nan. Wannan hukunci ya hau kan jihohi 50 gaba ɗaya.

Bari in ba ka labarin yadda abin yake kafin nan, don da idona na gani.

Akwai wani Bature da muka yi aiki tebur da tebur shekara shida. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya shiga sabgar kowa. Duk ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu da rabi, kafin in buɗe baki, zai miƙo hannu ya ja wayar teburina zuwa nasa, ya ce in tafi kada in rasa huɗuba. Da azumi kuwa a mota yake cin abincin ranarsa, ban taɓa roƙonsa ba. Bayan hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar, ya cike takarda ya sa abokin zamansa a inshorar lafiya. Takardar ta bi ta hannun mai gidanmu. Cikin wata biyu komai ya juya. Mutumin da shekara biyar ake rubuta masa yabo a takardar auna ƙwazo, sai ga shi wai ba ya iya aiki da mutane. Aka ɗauke shi daga gaban jama'a aka mayar da shi ɗakin ajiye fayil a ƙasan bene, inda ko taga babu. Ranar da yake kwashe kayansa na ga ya ɗauki wani ƙaramin hoto da ke cikin aljihun tebur, a kife, ya tura cikin jaka da sauri. Shekara shida muna zaune tare ban taɓa sanin akwai hoton ba.

Na yi shiru wata huɗu. Na ce wa raina ba huruminmu ba ne, kuma me jama'armu za su ce idan suka ji ina kare irin wannan. Har yau abin yana ci mini rai. Da na farga na raka shi wajen lauya, matar ta gaya masa gaskiya: jiharmu ba ta da dokar da ta ambaci irinsa, kotunan tarayya na yankinmu kuma a lokacin ba su yarda Babi na 7 ya rufe shi ba. Abin da ya cece shi yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ce, wadda ta hana a sauya wa ma'aikaci matsayi ba tare da dalili ba, da kuma wani ɗan littafi da yake rubuta komai a ciki, kwanan wata, lokaci, wanda ya faɗi magana da wanda ke wurin. An mayar da shi kujerarsa bayan kusan shekara. Bai daɗe ba ya ajiye aikin, don zuciyarsa ta riga ta fita daga wurin.

A wancan zamanin, kariyar ma'aikacin jiha ta dogara ne ga wanda ke gidan gwamnati. Gwamna Milton Shapp na Fensilbaniya ne ya fara sa hannu a kan umarnin hana irin wannan bambanci a aikin jiha, a 1975. Wiskonsin ce ta fara mayar da shi doka a 1982, kuma gwamnan da ya sa hannu, Lee Dreyfus, ɗan Rifablikan ne. Amma umarnin gwamna rubutu ne a kan rairayi. Dubi Kansas: Kathleen Sebelius ta kafa shi a 2007, Sam Brownback ya soke a 2015, Laura Kelly ta dawo da shi a Janairun 2019. A Luwiziyana an kafa a 1992, ya faɗi, an sake kafawa a 2004, Bobby Jindal ya bar shi ya mutu a 2008, aka sake a 2016 sai kotu ta rushe shi. Ka yi tunanin mutumin da ya bayyana kansa yana ganin yana da kariya, ya wayi gari an yi zaɓe, kariyar ta tafi, shi kuma magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Shi ya sa hukuncin 2020 yake da nauyi, domin babu gwamnan da zai goge shi da alƙalami. Jihohi da dama kuma suna da nasu dokokin da suka ambaci abin ƙarara, irin su Minesota tun 1993, Bajiniya a 2020, Mishigan a 2023. Duba ta jiharka, don wata ta fi ta tarayya tsauri.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. Doka ba kora kaɗai ta hana ba. Tsangwama ma tana ciki, idan ta yi tsanani ko ta yawaita har wurin aiki ya zama wa mutum kurkuku. Tun 1998, a shari'ar Oncale, Kotun Ƙoli ta ce ko da maza ne ke tsangwamar namiji ɗan'uwansu, laifin yana nan. Idan abokan aiki ne ke yi, ana kama ma'aikata da laifi ne in ta sani, ko ya kamata ta sani, ba ta ɗauki mataki ba. To kai ne kunnen ma'aikatar. Da ya faɗa maka, ma'aikata ta ji ke nan. Kusan duk littafin ƙa'idar aiki da na taɓa gani ya wajabta wa shugaban sashe ya kai irin wannan rahoto sama nan take, ko da mai ƙorafin ya ce a bar maganar. Ran da abin ya fashe, tambayar farko da za a yi maka ita ce yaushe ka sani, me ka yi. Na ga shugaban sashe da aka sauke ba don ya zagi kowa ba, sai don ya ji ya yi gum.

Kada ka yi irin namu na gida, ka kira su ukun ka ce a yafe wa juna, a sha hannu. Niyyar mai kyau ce, amma a nan kamar ka binne ƙorafi ne. Kuma kada ka ce za ka sauya masa wuri don ya huta da su. Wanda ya kawo kuka ba shi ake ɗagawa ba. Sauya masa tebur, rage masa aiki, hana shi hutu ko ba shi maki ƙasa bayan ya yi ƙorafi, duk ana iya ɗaukar su a matsayin ramuwar gayya, kuma laifi ne mai zaman kansa ko da ƙorafin farko bai tabbata ba. A cikin ƙararrakin da ake kai wa hukumar EEOC, wadda ke kula da daidaito a wurin aiki, na ramuwar gayya ne suka fi kowanne yawa.

Shi ma ma'aikacin yana da agogo a kansa. Kwana 180 doka ta ba shi ya kai ƙara EEOC daga ranar da abin ya faru, ko 300 a inda jiha ke da dokarta da hukumarta a kan irin wannan laifi. Binciken cikin gida ba ya tsayar da wannan lissafin, kuma nan ne mutane da yawa suke asara, suna jiran ofishin kula da ma'aikata har lokaci ya ƙure. In aka ba shi takardar izinin shiga kotu, kwana 90 gare shi. Diyyar ɓacin rai tana da iyaka, dala 300,000 ga ma'aikata mai mutum sama da 500, kuma ba a ɗora wa gwamnati tarar horo, amma albashin da ya rasa da kuɗin lauya daban ake lissafa su.

Sai maganar addini, wadda na san ita ce ainihin abin da ke damunka. Ni da kai mun taso inda ko ambaton wannan abu ba a yi a gaban manya, kuma a Najeriya dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi. Ba wanda ya ce ka canza aƙidarka, dokar Amurka ma ba ta nemi haka ba. Abin da ke gabanka daban ne. An ba ka amanar mutane, ɗaya a cikinsu ana cin mutuncinsa a wurin neman abincinsa, ya rasa wanda zai tunkara sai kai. Ka koma Suratul Ma'ida aya ta 8, inda aka hane mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Ban ga inda aka cire wani daga ciki ba.

Ka kuma tuna inuwar da kake zaune a ƙarƙashinta. Babi na 7 ɗin nan shi ne ya sa ake barinka ka tafi masallaci ranar Juma'a, shi ya sa ba a ce ka aske gemu ba. Da shi aka yi shari'ar Samantha Elauf, yarinyar da kamfanin Abercrombie ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta, Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya a 2015, alƙalai 8 da 1. A 2023, a shari'ar Groff, kotun ta ƙara tsaurara wa masu ba da aiki kafin su hana mutum sauƙin ibadarsa. Mu baƙi ne, baƙaƙe, Musulmi, harshenmu da nauyi. Mutum biyun da suka liƙa masa takarda, ba ni da shakka in sun ga an ƙyale su, wata rana sunanka ko sallarka za su taɓa. In ka nuna musu cewa a sashenka ana iya taka wanda ba a so, ka buɗe ƙofar da kai ma ta nan za a shigo maka.

Gobe da safe, kafin ka taɓa wani aiki, ka zauna ka rubuta abin da ya faɗa maka da kalmominsa, da ranar da ya zo da lokacin. In takardar tana nan, ka ɗauki hotonta ka adana ta, kada a jefar. Ka aika wa ofishin kula da ma'aikata ta imel, ba ta baki ba, ka ajiye kwafi. Kada ka fara binciken da kanka, kada kuma ka ba kowa labari a sashen, har wanda kuke cin abinci tare. Sannan ka kira shi ka gaya masa ka kai maganar inda ya dace, ba wanda zai taɓa aikinsa saboda ya yi magana, kuma in wani abu ya sake faruwa ya zo maka a ranar. Ka ce masa ya sayi ɗan littafi ya fara rubutawa, ya kuma nemi wakilin ƙungiyarsu in kuna da ita. In sati ya wuce ba ka ji komai daga sama ba, ka sake aika imel ɗin, ka sa mai gidanka a ciki.