Amsa ga mai tambaya kan tazargade da zazzaɓin da ya dawo

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce kin dafa masa tazargade kwana uku, zazzaɓi ya sauka, bayan sati biyu kuma ya dawo, kina tambaya ko ganyen ne na jabu. Na daɗe ina aiki a kemis, kuma haka ta taɓa faruwa da ƙanena har sai da aka ƙara masa jini, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Tazargade ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake kira Artemisia annua ita ce mai sinadarin artemisinin, wanda Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ta ciro a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Yana da kaifi ƙwarai: ƙarfen da ƙwayar maleriya ke saki in tana cin jinin mutum, shi ke tayar da sinadarin ya hallaka ta.

Amma fa ba ya zama a jiki. Yana shiga jini hanta za ta kama shi ta farfasa, cikin 'yan awanni rabinsa ya tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara karanta shi, hantar tana ƙara gwanancewa ne kullum. In aka jera kwana biyar ana sha, abin da ke isa jini ran ƙarshe ko rabin na ranar farko bai kai ba. Kin ga ƙwayoyin da suka tsira sai su lafa, su hayayyafa, zazzaɓi ya dawo. Ga shi ruwan dahuwa ba wanda ya san yawan sinadarin da ke cikin kofi ɗaya.

Shi ya sa maganin maleriya na asibiti ake haɗa biyu a ƙwaya ɗaya, artemether da lumefantrine. Artemether ɗan gidan artemisinin ne, hanta ke juya shi ya zama wani sinadari mai suna dihydroartemisinin, ya yi ɓarin farko ya fita. Lumefantrine kuwa kwanaki yake yi a jini yana share ragowar, sai dai hanji ba ya tsotsarsa sosai in babu maiƙo. Ki ba yaron wannan magani da madara ko abinci mai mai, sau shida cikin kwana uku, ko ya warware kada a tsaya.

Don Allah gobe ki kai shi a gwada jininsa kafin komai. In kuwa yana amai ba tsayawa ko ya fara jijjiga, kada ki jira gari ya waye.