Wai karofi yana da rai?

Kai yaro, saƙonka ya ba ni dariya wallahi. Wai da gaske ne karofi, ramin nan da ake rini a ciki, yana da rai har ya mutu, ko camfi ne na mutanen da, tunda kai ka ga ana dama galura da soda a roba a rina shadda kafin azahar. To dariyar ta tsaya min da na ji a tsakar gida kake son yin rinin, gefen rijiya.

Mu nan wajen Kura da baba, wato ganyen rini, muka tashi. Ganyen za a daka a dunƙula a shanya, sannan a zuba a rami da ruwa da toka, a rufe, kullum a motsa da doguwar sanda, sati ya bi sati ba a tsoma ko zare. Kakanka Allah ya jiƙansa cewa yake, karofi ba a tashinsa, shi ke tashi.

Akwai wani hunturu da ba na mantawa, Buzaye sun zo da raƙuma suna jiran turkuɗi, wato rinannen yadin nan mai ƙyalli, sanyi ya kwantar mana da rami ɗaya, ruwan ya yi shiru ba kumfa ba wannan warin da ke bin mutum har masallaci. Ni duk na tsorata. Tsoho ya durƙusa ya shinshina, ya taɓa a harshe, ya ce bai mutu ba barci yake, ya ƙara toka ya sa muka lulluɓe bakin da zana. Ranar da kumfa ta taso tana ƙyalli ja-ja, ya tsoma ƙyalle ya fito da shi kore shar, muna tsaye iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a hannunsa. Buzun nan har kabbara ya yi. Ku da kuka yi boko kuna cewa ƙwayoyin halitta ne ke ruɓar da ganyen har launin ya narke ya shiga zare, iska kuma ta mayar da shi ya kama. To ba ga rai nan ba?

Ko katsin da ake kwasowa daga ƙasan rami ba a zubarwa, laso ake yi da shi a shafe sabon karofi. Yanzu kuwa ruwan soda a kwata ake malalawa, awaki su sha.

Sodar nan tana cin fata, ka nemi safar hannu ta roba, kuma kar in ji ka matso da ita kusa da rijiyar uwarka. Ka gaishe ta.