Amsa kan sayen sabuwar na'urar DAC don kayan sauti na gida

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko sabuwar DAC, wato na'urar da ke juya lambobin kwamfuta su zama sautin da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ke karɓa, za ta gyara maka kiɗa, kuma ka ambaci wata siririyar ƙara da kake ji a lasifika idan an yi shiru.

Wannan ƙarar ce ta fi damuna, domin galibi ba daga juya sautin take fitowa ba, hayaniyar wutar kwamfuta ce ke bin wayar USB har ta kai amfilifaya. Ni ma na sha fama da ita, da zarar na motsa linzamin kwamfuta sai in ji wani tsiii a lasifika, kuma ba ta ɗauke ba sai da na koma wayar haske ta Toslink, wadda ba ta ɗaukar lantarki ko kaɗan. Saboda haka ka duba ko kwamfutarka tana da ƙofar da ake soka wannan waya, sannan ka zaɓi na'urar da ke karɓarta. In kuwa amfilifayarka tana da ƙofar XLR, wato mahaɗa mai tsinke uku da ke rage irin wannan hayaniyar, ka nemi DAC mai fitar da sauti ta nan.

Kada manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali su ruɗe ka. Faifan CD yana kan 16-bit da 44.1 kHz ne, wato ma'aunin ingancin sautinsa, kuma hakan ya riga ya kai 20 kHz, iyakar abin da kunnen ɗan'adam ke ji. Na'urorin DAC masu matsakaicin farashi na kamfanin Topping ko SMSL sun wadatar ƙwarai. Idan za ka gwada biyu, ka daidaita ƙarfin sautinsu tukuna, domin wadda ta ɗan fi ƙarfi ita kunne zai ɗauka ta fi daɗi.