Ƙanin mijina ya sayar da filin marayuna: Allah zai karɓe ni ban huce ba?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni gwauruwa ce a Sabon Tasha. Bayan rasuwar maigidana, ƙaninsa ya sayar da filin da ya bar wa yara, ko sisi ba mu gani ba. Coci ɗaya muke sujada. Matan zumunta suna ta ce mini in yafe in manta. Na daina cin Jibin Ubangiji, kuma in aka zo wurin roƙon gafara a Addu'ar Ubangiji sai bakina ya yi nauyi. Ko Allah ya juya mini baya ne?

Amsa: Mama, sannu da haƙuri, Allah ya raya yaran. Bai juya miki baya ba. Ki duba Romawa 5:10: tun muna gāba da Allah aka sulhunta mu da shi ta wurin mutuwar Ɗansa. Shi ya fara takowa, bai jira mun gyara zuciya ba. Wanda bai jira ba a wancan lokaci, ba zai kore ki yau don ciwonki bai warke ba.

Amma damuwarki tana da tushe. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, shi kuwa ya fita ya shaƙe abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na ɗan ƙodago, talanti ɗaya kuma wajen dinari 6,000. Ki lura, dinari 100 ba abin wasa ba ne, gumin wata uku ne da 'yan kwanaki. Yesu bai ce abin da aka ci miki ƙarami ne ba. Laifin bawan shi ne shaƙewar da jefawa a kurkuku. Gafarar da ake nema daga gare ki ke nan: ki cire hannu daga wuyan mutumin, ki daina yi masa fatan masifa, ki bar wa Allah ramako. Wannan ƙuduri ne, ana iya ɗaukarsa ana hawaye, gobe ma a sake ɗauka.

Mantuwa kuwa, matan zumunta sun ɗora miki kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. Yusufu bai manta ba. Sai da ya gwada 'yan'uwansa kafin ya bayyana musu kansa, har a Farawa 50:20 ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufe shi da ita. A nan Kaduna ma muna da Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikicin Kirista da Musulmi na 1992. A 1995 ya fara aikin sasanci tare da Imam Muhammad Ashafa, shi da kansa kuma ya sha faɗa cewa ƙiyayyar ta ɗauki shekaru kafin ta bar zuciyarsa.

Sulhu da ƙanin mijinki wani abu ne dabam, sai da hannu biyu. Shi ya sa Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinki. Nasa rabon shi ne tuba da mayarwa, yadda Zakka ya yi a Luka 19. Ni dai ban yarda da sulhun da dattawa ke haɗawa a gaban bagade, a rungumi juna a tafa, fili kuwa shiru ba. Filin ma na marayu ne, ba naki ba ne da za ki bar shi kyauta.

Ki bi matakan Matiyu 18:15-17. Ki same shi ku yi magana. In ya ƙi, ki koma da mutum ɗaya ko biyu, zai fi kyau a sami babba daga dangin mijinki. In ya ƙi, ki kai wa dattawan ikilisiya. In duk ya toshe kunne, zuwa wurin mai unguwa ko kotu don haƙƙin yara bai soke gafararki ba. Ki adana duk wata takardar filin da ke hannunki.

Batun Jibi, ki sami fastonku kafin Lahadin da za a ci, ki gaya masa yadda kika gaya mini, sannan ki matso ki karɓa. Wanda Matiyu 5:23-24 ta ce ya ajiye baikonsa, wato kyautar da ya kawo wa Allah, ya je neman sulhu tukuna shi ne wanda ake da ƙara a kansa, wato ƙanin mijinki.