Kazar Hausa ko ta gidan gona? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa da magani ake kiwon kajin gidan gona, kuma yawan cinsu kan sa magani ya daina yi wa mutum aiki. In koma sayen kazar Hausa ne duk da tsadarta? Daga wata uwargida, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maganar tana da tushe, sai dai ƙwayoyin cuta ne ke sabawa da maganin. Idan mai kiwo ya riƙa zuba wa kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha alhali lafiyarsu ƙalau, don kawai su yi saurin girma, raunanan ƙwayoyin sai su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su ne ke biyo ɗanyen nama har madafinki. Ranar da suka kama yaro, sai a yi ta ba shi magani ciwo ya ƙi sauka. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa matsalar ƙwayoyin cuta da ba sa jin magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma abin ya fi ƙamari a Afirka ta Yamma. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙiba tun 2006.

Amma kada ki ɗauka kazar Hausa ta kuɓuta. Gidaje nawa ne ake fasa kafso mai ja da rawaya a kaskon ruwan kaji da zarar ɗaya ta fara gyangyaɗi, washegari a kai ta kasuwa kafin ta mutu? Ni a ganina, ki riƙe mai kaji ɗaya da kika yarda da shi, ki tambaye shi yaushe rabonsu da magani. A jikin maganin dabbobi akan rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sayar da ƙwai. Zai iya yi miki dariya da farko, amma in masu tambaya suka yi yawa, ciniki zai koya masa lissafi.

A gida kuwa, wuƙa da roba da kika gyara kaza da su kada su taɓa latas ko tumatir sai an wanke da sabulu, haka ma hannunki. Naman ya dahu har ƙashi. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cinye ragowar magani duka.

Tambaya: Ragon layya nake son saya, an ce wasu dillalai na yi musu allura. Yaya zan gane? Daga wani magidanci, Maraɗi.

Amsa: Malam, da ido ba ka cika ganewa ba, ko da yake kumburi a wuya ko cinya alama ce. Allurar oxytetracycline mai dogon aiki, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kan ɗauki makonni kafin ta bar jikin dabba, kuma ragowar magani ta fi taruwa a hanta da ƙoda da gurbin allurar. Saboda haka ka saya da wuri, kamar wata guda kafin Sallah, ka kiwata a gida. In ya yi rashin lafiya a hannunka, ka kira likitan dabbobi, kada ka nufi kemis da kanka.