Yarona na yin abu kamar mace, babansa ya ce gidan mari zai kai shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, ƙanwata ce take rubuta min a wayarta. Ina da yaro ɗan shekara 14, shi kaɗai ne namiji cikin 'ya'yana shida, tun yana ƙarami baya shiga cikin maza, in ana daka yana bakin turmi, in ina tuƙi shi ne mai miƙo min gari, wallahi miyar kukarsa ta fi ta yayyensa daɗi. Toh yanzu ya fara tasawa abin ya zama abin magana, in yana zance yana karya hannu yana tafi, tafiya ma da rangwaɗa, yara sun laƙaba masa ɗan daudu har a makarantar allo. Babansa ya daka ya gaji, an sha rubutu an yi hayaƙi, yanzu ya ce ana gama girbi gidan mari zai kai shi. Ɗan wan mijina dake jami'a kuma ya zo yana cewa wai wannan ne LGBT ɗin Turawa da ake faɗa a rediyo. Ni dai yaron nan baya wasa da sallah kuma ban taɓa kama shi da komai ba. Bana iya barci Anti, ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya yaye miki. Na karanta saƙon nan har sau uku ina neman laifin da yaron ya aikata, abinda na samu shi ne ya iya miya, yana karya hannu, yana sallah. Shikenan fa. Amma an riga an ɗora masa suna har biyu, na Hausa da na Turanci.

Bari in fara da ɗan jami'ar nan tunda shi ya ƙara miki tashin hankali. Haruffan da ya faɗa wata babbar rumfa ce da Turawa suka tara mutane iri-iri a ƙarƙashinta, mata masu neman mata, maza masu neman maza, masu neman duka biyun, da waɗanda suke jin ba su dace da jinsin da aka haife su da shi ba. Wajen 1990 kuma malaman jami'a a Amurka irin su Judith Butler suka fito da nazarin dake cewa yawancin abinda ake kira halin maza ko halin mata koyonsa ake yi ana maimaitawa har ya zama jiki. Wannan muhawarar su ce. Mu nan Bahaushe bai jira kowa ba, tun da can yana da kalmominsa kuma bai cakuɗa su ba: luwaɗi aiki ne, maɗigo aiki ne, mata-maza halitta ce ta jiki wadda littattafan fiƙihu suke kira khunsa har da bayanin yadda ake raba masa gado, daudu kuma salon magana ne da motsi da sana'a. Yanzu ne dai aka koma zuba komai a ƙwarya ɗaya.

Kuma 'yan daudu ba intanet ce ta kawo su ba. Tambayi duk tsohuwar dake garinku, za ta ba ki labarinsu a tashar mota da ranar kasuwa suna suyar kaji da ƙwai, ga girkin biki, ga habaici kamar a bakinsu aka halicce shi, suna kiran juna ƙawa da uwar ɗaki. Wasu masana na danganta sunan da Ɗan Galadima na bori saboda Daudu kirarin Galadima ne. A cikinsu akwai masu kawalci da masu harkar maza, ba zan ɓoye miki ba, akwai kuma masu mata da 'ya'ya waɗanda abinci kawai suke sayarwa. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a 2000 ne suka ja baya daga idon jama'a.

Ta ɓangaren addini ki ba maigidan wannan ya kai wa malamin da ya yarda da shi. Hadisin tsinuwa ga maza masu kamanceceniya da mata yana nan a Bukhari, ba mai musu. Amma Imamu Nawawi a sharhin Sahihu Muslim ya raba abin gida biyu, akwai wanda haka aka halicce shi da laushin murya da motsi ba da gangan yake yi ba, wannan ba zargi ba zunubi a kansa, akwai kuma mai ƙirƙira da gangan, shi ne abin zargi. A zamanin Annabi (SAW) ma akwai irinsu a Madina, ɗaya har ɗakin Ummu Salama yake shiga, sai da aka ji yana siffanta wata mace lokacin yaƙin Ɗa'ifa sannan aka hana shi shiga wajen mata. Toh yaron da tun yana rarrafe a tsakiyar mata biyar yake, kina ganin wanne ya fi kama da shi? Sannan masu saurin cewa yaro ɗan luwaɗi ne su sani a mazhabar Malikiyya wannan ƙazafi ne, bulala 80 ce. Ga dokar ƙasa da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, 10 ga masu ƙungiya ko taimakawa, kinga kalmar da ake jefawa da wasa a bakin rijiya tana iya jawo wa yaro duka a kasuwa ko zaman ofishin 'yan sanda a kan abinda bai san shi ba. Ki ja kunnen ɗan jami'ar nan sosai.

Maganar gidan mari kuwa a'a, ko da za a kai ruwa rana. Kin manta Satumban 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani a Rigasa ta Kaduna, mutum wajen 300, wasu da mari a ƙafa, tabon bulala a baya, yaran kuma suna ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki? Wato abinda baban yake gudu can ake kai yaro ya same shi. Duka ma haka, ban taɓa ganin dorina ta canza wa mutum murya ba, abinda take koya wa yaro shi ne ɓuya da ƙarya, wata rana a wayi gari ya hau motar Kano, a tasha kuma duk wanda ya fara ba shi tuwo da wurin kwana shi ne ubansa.

Abinda za ki yi kafin girbin: ki samu wanda maigida yake jin nauyinsa, wansa ko liman, ke kin san wanda baya iya yi wa musu, shi zai tare shi, don in ke kika faɗa, cewa zai yi ke kika lalata yaron. Sai ki zaunar da yaron ku biyu, ba da faɗa ba, kina tsince wake yana taya ki, ki tambaye shi ko akwai babban dake ba shi kuɗi ko kiransa ɗaki ko taɓa shi, domin yara masu sanyi irinsa su miyagu suka fi hari kuma tsoron duka ke hana su faɗa. In ya faɗi wani abu kar ki yi ihu, ki kai shi asibiti a duba shi, sannan a bi ta kan mutumin. In kuma kin ga ya daina cin abinci ko yana cewa gara ya mutu, wannan ma na asibiti ne ba na hayaƙi ba.

Baban ya riƙa tafiya da shi gona da kasuwa ranar da ba fushi, ba don a gyara masa tafiya ba, don ya san yana da uba. Girkin kuma a bar masa abinsa, masu shayi da masu tsire da kukun otal duk ba maza bane? Ba zan miki alkawarin motsinsa zai canza ba, wani yana raguwa da girma wani haka zai tsufa.

Ki sa ƙanwar taki ta sake rubuto min bayan an kai amfani gida, ina son jin yadda suka yi da liman.