Ma'anar layuka huɗu masu ruwan ɗorawa kafin titin tashin jirgi

Malam, ka yi tambaya kan layukan nan huɗu da ka hango ta taga kafin jirginku ya hau titin tashi. Biyu dogaye ne ba yankewa, biyu kuma guntu-guntu. Matuƙin da ya zo ta ɓangaren dogayen dole ya tsaya cak, ko hancin jirgi kada ya ƙetare, sai hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage ta ba shi izini, shi kuma ya maimaita da bakinsa. Mai fitowa daga titin kuwa, sai wutsiyarsa ta wuce layukan gaba ɗaya sannan a ce ya fita.

Abin da har yau yake sosa min rai shi ne na filin jirgin sama na Linate a birnin Milan na ƙasar Italiya, Oktoban 2001. Ƙaramin jirgi ya ƙetare alamun tsayawa cikin hazo, ya yi karo da jirgin fasinja mai shirin tashi. Mutum 118 suka rasu.